Tambaya da Amsa: Shimfiɗa Hanyar Mota da ta Ƙafa a Harabar Gida

Yawancin wasiƙun da suka iso wannan fili bayan ɗaukewar damina a kan daɓen harabar gida suke, kuma ba abin mamaki ba ne, domin ruwan watan Agusta shi ne yake tona asirin kowane aikin da aka yi a tsakar gida. Mun zaɓi guda biyar daga cikinsu, mun taƙaita wasu saboda ƙarancin wuri.

Tambaya: Assalamu alaikum. Na kammala ginin gidana a wata sabuwar unguwa da ke bayan garin Kano, abin da ya rage shi ne harabar gida, daga ƙofar shiga zuwa inda nake ajiye mota. Wani magini ya ce in zuba kankare, wani ya ce intalok, wato ƙananan duwatsun kankare da ake jerawa, ya fi, maiɗakina kuma tana son tayil saboda kyansa. Wanne ya kamata in zaɓa, kuma wane irin zane ne zai fi dacewa?
Daga wani magidanci, Kano

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya sanya alheri, ya sa a shiga a sa'a. Kafin mu zo kan zaɓi tsakanin waɗannan ukun, ina so ka fara amsa wata tambaya wadda maginan naka ba su yi maka ba, wato ina ruwan sama zai bi idan ya sauko daga rufin gidanka. Rufin da faɗinsa ya kai murabba'in mita 100, idan aka yi ruwa na milimita 30 a dare ɗaya, zai zubo da lita 3,000, kimanin duro 15 ke nan, kuma duk wannan ruwa a harabar da kake shirin daɓewa zai sauka. A da ƙasa ce take shanye wani kaso nasa, amma daga ranar da ka rufe ta, sai dai ya bi hanyar da ka tsara masa ko kuma ya nemi tasa, wadda sau da yawa takan zama gindin bangonka. Saboda haka abu na farko shi ne gangara. A karkata daɓen daga jikin gini zuwa waje da santimita 2 a kowace mita ɗaya, ta yadda filin da tsawonsa ya kai mita 10 zai sauka da santimita 20 daga bakin gini zuwa ƙarshensa, kuma a tabbata saman daɓen ya yi ƙasa da daɓen cikin ɗaki da aƙalla santimita 15, don kada feshin ruwa da danshi su riƙa hawa bango suna cin fenti da filasta. Wannan awo da igiya da ma'aunin daidaito ake yinsa tun kafin a sauke tifar yashi ta farko, bai kamata a bar shi ga ƙiyasin ido ba.

Game da tayil, ina roƙon ka isar wa maiɗakinka cewa burinta na kyau yana kan hanya, amma wurinsa baranda ce mai rufi. Tayil na cikin ɗaki idan ya jiƙe santsi yake yi, kuma nauyin mota tare da zafin rana da sanyin dare suna sa ya ɗaga ko ya fashe. Kankare kuwa aiki ne mai ƙarko idan an yi shi yadda ya kamata: kaurinsa kada ya gaza santimita 10 a inda ƙaramar mota za ta bi, a yi haɗin siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu, a raba shi gida-gida da tsaga a duk bayan kimanin mita 3 domin ya sami inda zai motsa, sannan a yi ta ba shi ruwa har kwana bakwai aƙalla. Wannan bayar da ruwa shi ne abin da aka fi yi wa sakaci, musamman a lokacin hunturu da iska take busar da saman kankare kafin cikinsa ya kama. Illar kankare ita ce duk ranar da bututun ruwa ya fashe a ƙarƙashinsa sai an farfasa shi, kuma facin da za a yi ba zai taɓa ɓoyuwa ba.

A ganina intalok ya fi dacewa da gidan da yake sabuwar unguwa, inda har yanzu ana iya buƙatar jan ruwa ko wayar lantarki ko gyaran magudana. Ana iya cire shi a ajiye gefe, a yi aikin, a mayar da shi kamar ba a taɓa ba. Wannan dabara ta bunƙasa ne a ƙasar Holan bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da jan bulo ya yi ƙaranci aka koma buga irinsa da kankare, kuma dalilin da ya sa suke son shimfiɗa titi da ƙananan duwatsu shi ne ƙasarsu tana lotsawa, suna buƙatar abin da za a ɗaga a gyara. Sai dai ƙarfin intalok ba a jikin dutsen kaɗai yake ba, a abin da ke ƙarƙashinsa yake. A fara kwashe ƙasar sama mai taushi da saiwoyi, a daddanne abin da ya rage, a zuba burji ko fasasshen dutse mai kaurin santimita 15 zuwa 20 a hanyar mota, a zuba shi kashi biyu ana yayyafa ruwa ana bi da injin daddanna ƙasa a kowane kashi. A kansa ne za a baza yashi mai kaushi ko ƙurar dutse na santimita 3 zuwa 4 kawai, domin idan shimfiɗar yashin ta yi kauri, tayar mota za ta riƙa tura ta gefe har hanya ta yi kwari. Dutse mai kaurin milimita 60 ya isa ga ƙaramar mota, amma idan tankar ruwa ko tifa ko motar kwashe shadda za ta riƙa shigowa, to a sa mai milimita 80 a hanyar da za ta bi. Kuma kada hanyar ta ratsa ta kan murfin shadda ko sokawe sai idan tun farko an zuba murfin da rodin da zai ɗauki mota.

Yanzu sai zane. A inda mota take tafiya, musamman inda take juyawa, jerin da ya fi riƙe kansa shi ne wanda ake kira ƙashin bayan kifi, inda kowane dutse yake tokare da gefen ɗan'uwansa a kusurwa, babu wani dogon layi da ya miƙe daga farko har ƙarshe. Jerin da aka yi layi-layi kamar na ginin bulo yana da kyau a hanyar ƙafa, amma a ƙarƙashin taya yakan buɗe sannu a hankali. Faɗin hanyar mota ɗaya kada ya gaza mita 3, wurin ajiye mota kuma a ba shi aƙalla mita 2.5 a faɗi da mita 5 a tsawo, a ƙara masa idan yana jikin katanga don a iya buɗe ƙofa. A kewaye dukkan gefuna da bakin kankare da aka kafa da siminti, domin shi ne yake hana duwatsun bajewa. A wajen launi, shawarata ita ce launi biyu sun wadatar: ruwan toka a tsakiya, ja ko baƙi a matsayin layin gefe mai nuna iyakar hanya. Na ga gidaje da dama da aka zuba launi huɗu ko biyar, ido ya rasa inda zai tsaya, kuma bayan 'yan shekaru rana ta kodar da su ba daidai ba. Wanda yake son dagin Arewa ko wani zane na musamman, ya ajiye shi a gaban ƙofar falo ko tsakiyar fili inda ƙafa kawai take takawa, saboda irin wannan zane yana buƙatar yanka duwatsu ƙanana, su ne kuma suke fara girgiɗewa idan taya ta murza su. Idan dutsen mai santimita 20 da 10 ne, guda 50 ne suke rufe murabba'in mita ɗaya. Ka ƙara kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari a kan lissafinka, ka adana ragowar, domin da wuya ka sake samun launin da ya yi daidai da naka bayan shekara biyu.

Tambaya: Gidanmu an daɓe tsakar gidan gaba ɗaya da siminti, daga bango zuwa bango. Idan bazara ta yi, yara ba sa iya taka ƙasa da rana, da dare kuma zafi yana tasowa har ba ma iya shimfiɗa tabarma a waje. Yanzu za mu koma wani gida da ba a daɓe ba tukuna, kuma akwai tsohuwa tare da mu. Yaya zan tsara hanyoyin ƙafa ba tare da na maimaita wannan ba?
Daga wata uwargida, Sakkwato

Amsa: Hajiya, wannan tambaya taki ta fi kowace muhimmanci a wurina, domin ta taɓo kuskuren da ya zama ruwan dare a garuruwanmu, wato ɗaukar cewa gidan da ba a rufe kowane taku nasa da siminti ba bai kammalu ba. A Sakkwato, inda zafi yake wuce digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, siminti da dutse suna wuni suna tara zafin rana, sannan su kwana suna sakinsa, abin da kuka ji a jikinku ke nan. Ƙasar da take da inuwa da ɗan danshi ba ta yin haka.

Ki fara da lura da inda ƙafa take bi a gidan. Idan kuka zauna 'yan makonni kafin a yi aikin, sawun mutanen gida da kansa zai nuna hanyoyin: daga zaure zuwa ɗakuna, daga ɗaki zuwa madafa, zuwa banɗaki, zuwa bakin rijiya ko famfo, zuwa wurin shanya. Waɗannan kaɗai za a shimfiɗa. Babbar hanya a ba ta faɗin mita 1.2 domin mutum biyu su iya wucewa, ko mai ɗauke da tire ko bokiti ta wuce ba tare da ta taka laka ba. Ƙananan hanyoyi kuma santimita 90 ya ishe su. Sauran filin a bar shi ƙasa, ko a zuba masa tsakuwa mai laushin baki, ko a yi fangali a shuka lalle, zogale, na'ana'a da ɗan lemun tsami. A nan ne ruwan sama zai riƙa nutsewa, wanda amfaninsa yana komawa ga bishiyoyin gidan da rijiyoyin unguwa, maimakon ya fita titi ya haɗu da na maƙwabta ya zama ambaliya. Launi mai haske, kamar ruwan ƙasa ko ruwan toka mai haske, ya fi baƙi da ja mai duhu sanyin taku, amma kada a yi fari tas, saboda yana kashe ido da tsakar rana. Jan bulo da aka gasa sosai shi ma yana yin hanyar ƙafa mai kyau da taushin gani, kuma yana dacewa da gidan da aka yi wa ado irin na gargajiya.

Saboda tsohuwa, ina ba da shawarar a guji duwatsun da ake ajiyewa ɗai-ɗai da tazara a tsakaninsu a kan hanyar da take bi, duk da cewa suna da ban sha'awa a cikin lambu, domin sanda da ƙafar da ba ta ɗaguwa sosai suna sarƙewa a tsakaninsu. Hanyarta ta kasance a haɗe, mai ɗan kaushi, ba tare da tudu ko kwari ba. Inda ake hawa baranda, a yi gangara mai sauƙi maimakon matakala, wadda tsawonta zai kai mita 1.2 a kan kowane santimita 10 na hawa, tare da ƙarfen dafawa a gefe. Wurin alwala da wurin wanke-wanke su ne suka fi ko'ina hatsari, saboda ruwa da sabulu suna haifar da gansakuka, don haka a yi musu daɓe mai kaushi da 'yar magudana tasu ta kansu, kuma a sa fitila a hanyar banɗaki saboda fitar asuba.

Bishiya kuwa ita ce rabin tsarin. A bar mata da'ira ta ƙasa a gindinta, aƙalla mita ɗaya ta kowane gefe, kada a shaƙe ta da siminti. Darbejiya tana jure fari tana kuma ba da inuwa a bazara, amma a nisanta ta da bango da shadda. Ceɗiya da durumi sun fi dacewa da ƙofar gida mai fili, domin saiwoyinsu suna ɗaga daɓe. Kuma kada a raina daɓen gargajiya a ƙarƙashin rumfa ko inda ake zaman hira: tsakuwa da jar ƙasa da aka buga da madaɓi aka shayar da makuba, wadda ake samu daga ɓawon 'ya'yan ɗorawa, shi ne daɓen da iyayenmu mata suka yi ta yi da gayya suna waƙa, kuma yana da sanyin zama da siminti ba shi da shi. Yana son gyara lokaci-lokaci, kuma ba ya jure zubar indararo kai tsaye, shi ya sa na ce a ƙarƙashin rufi.

Tambaya: An shimfiɗa mini intalok bara, amma damina ɗaya kawai ya lotsa a inda tayoyin mota suke bi, ruwa yana kwanciya, ciyawa da tururuwa kuma sun fito ta tsakanin duwatsun. Mai aikin ya ce da na yarda an shimfiɗa leda a ƙasa da hakan bai faru ba. Gaskiya ne?
Daga wani ma'aikaci, Gombe

Amsa: Malam, rashin leda ba shi ne ya jawo lotsawar ba. Lotsawa a sawun taya alama ce ta cewa ba a daddanne ƙasan da kyau ba, ko an jera duwatsun a kan yashi mai yawa ba tare da burji ba, ko kuma hanyar ta bi ta kan ramin da aka cike, kamar na bututu ko inda aka haƙi ƙasar gini. Akwai kuma wani abu da ya shafi yankinku: a wasu sassan Gombe, Adamawa da Borno ana samun baƙar ƙasa mai yumɓu wadda take kumbura idan ta sha ruwa, ta tsattsage idan ta bushe. Idan ka lura filin da ke kusa da kai yana darewa da rani har hannu yana shiga, to irinta ce, kuma maganinta shi ne a haƙe ta da zurfi fiye da yadda aka saba, a maye gurbinta da burji mai kyau, kuma ya dace injiniya ya duba wurin kafin a sake kashe kuɗi. Leda tana hana ruwan da ya shiga ta tsakanin duwatsu wucewa, sai ya taru a cikin yashin shimfiɗa ya mai da shi taɓo. Idan ana son raba burji da yumɓu don kada su cakuɗe, akwai wani yadi na musamman da ake shimfiɗawa a aikin hanya wanda ruwa yake ratsawa, shi ne ya dace da wannan aiki.

Ciyawar da kake gani yawancinta ba daga ƙasa take hudowa ba, iri ne da iska take kawowa ya faɗa cikin ƙurar da ta taru a tsagogin. Abin da yake rage ta, ya kuma rage tururuwa, shi ne a cike tsagogin taf da busasshen yashi mai laushi, a share shi ya shiga, a bi da injin girgiza, a sake ƙarawa bayan kowace damina. Wannan yashin shi ne yake kulle duwatsun da juna, don haka mai shara ya daina ƙwaƙule shi da tsintsiya mai tauri, kuma kada a cike tsagogin da siminti, domin zai tsattsage ya kuma hana a cire dutsen ranar gyara. Ba sai ka sayi sabbin duwatsu ba: a ɗaga na wurin da ya lotsa, a gyara ƙasan, a mayar da su.

Tambaya: Sabon intalok ɗina ya yi fari-fari kamar an barbaɗa kanwa. Ko an sayar mini da marar kyau ne?
Daga wata malamar makaranta, Maraɗi

Amsa: Malama, wannan kaɗai ba ya nuna rashin inganci. Sinadarin farar ƙasa ne da ke cikin siminti yake fitowa da danshi ya bushe a sama, kuma yakan gushe da kansa bayan wasu watanni na ruwa da shara. Ingancin dutse ana gane shi ne tun wajen saye: idan aka gwara guda biyu su yi ƙara mai kaifi, gefensu kada ya marmashe idan aka kankare shi da ƙusa, kaurinsu ya zama ɗaya, kuma a tambayi ranar da aka buga su, domin kankare yana ɗaukar kwana 28 kafin ya kai cikakken ƙarfinsa. Tabon baƙin mai ya fi wannan wuyar fita. A zuba masa yashi ko toka nan take ya tsotse, sannan a wanke da garin sabulu da ruwan zafi.

Tambaya: Gidana ya fi titi tudu, kuma akwai kwata a gaban ƙofa. Ina so in yi gangara daga ƙofa zuwa titi domin mota ta riƙa shiga cikin sauƙi. Maƙwabcina ya nuna damuwa. Me ya kamata in yi?
Daga wani ɗan kasuwa, Kaduna

Amsa: Alhaji, damuwar maƙwabcinka tana da tushe, kuma na ji daɗi da ka tambaya kafin ka zuba kankare. Gangarar da ake ginawa a cikin kwata ko a kan titi tana daga cikin abubuwan da suke sa layi ya cika da ruwa, domin ruwan da aka tare a ƙofar gida ɗaya gidan da ya fi kwari yake komawa, kuma mai tafiya a ƙasa dole ya ratse ya shiga tsakiyar titi. Kwata da gefen titi ba sa cikin filin da aka sayar maka, kuma hukumomin tsara birane na jihohi suna da ikon rushe abin da aka gina a kansu ba da izini ba, don haka ka fara tuntuɓar ta jiharku.

Tsarin da ya dace shi ne yawancin hawan ya kasance a cikin gidanka, wato a sassauta tudun daga bakin ƙofa zuwa ciki a tsawon mita huɗu ko biyar, ko da hakan zai sa a sauke gindin ƙofar kaɗan. A kan kwatar kuma a ɗora murafan kankare masu rodi waɗanda aka zuba daban-daban, kowanne da maɗauki, ta yadda mutum biyu za su iya ɗaga su a yashe kwatar kafin damina, ko a sa ragar ƙarfe mai kauri a tsakiya. Faɗin kwatar da zurfinta su kasance yadda suke, ba tare da an sa ƙaramin bututu a ciki an binne ba, domin leda da yashi suna toshe shi a ruwan farko. Idan an sauke gindin ƙofa, a yi 'yar magudana mai raga a bakin ƙofar daga ciki wadda za ta tattara ruwan harabar ta zuba shi cikin kwata ta ƙarƙashi, a kuma bar ɗan tudu na santimita kaɗan a bakin ƙofar don kada ruwan titi ya kwararo ciki. Saman gangarar a ja masa layuka a kwance tun kankaren yana ɗanye domin taya ta sami abin kamawa. Ka kira maƙwabcin naka ranar da magini zai ja igiya, ya ga inda ruwan zai bi da idonsa kafin a fara aiki.